KAFE MAI SANYI: MI KE CIKIN KOFIN?

Idan watan Afirilu ya kama a Damagaram, zafi ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Duwatsun Birni suna shan rana tun da hantsi, su riƙe zafinta har bayan isha'i. A irin wannan lokaci kowa abin sanyi yake nema. Masu ƙanƙara suna ciniki, masu lamurje da zoɓo suna ciniki. Yanzu kuma ga wani baƙo ya shigo cikinsu, shi ne kafe mai sanyi.

Baƙon nan kama uku gare shi. Akwai na teburin mai shayi: a zuba garin kafe cikin kofi, a sa madarar gwangwani da sukari, a kaɗa har ya yi kumfa, a jefa ƙanƙara. Akwai na ƴar leda, wanda aka haɗa kafe da sukari da garin madara wuri ɗaya, mutum ya zuba ruwa kawai. Akwai kuma na gwangwani ko na kwalba da ke cikin firijin wasu manyan butikai, mai ƙanshin cakulan ko banila ko ƙonannen sukari. Samarin da suka yi ci-rani a Libiya da Aljeriya da Legas da Abijan sun san shi tun can. Daga birni kuma abu ba ya daɗewa bai kai ƙauye ba, ranar kasuwa ɗaya ta isa.

Mutane da yawa sun ɗauka abin nan yana ƙara ƙarfi, tunda ga madara a ciki, ga shi kuma yana kore kasala. Wasu har suna barin hura dominsa. Shi ya sa ya kamata manoma da makiyaya su san asalinsa, su san abin da ke cikin kofin kafin su ba da kuɗinsu.

DAGA INA KAFE YA FITO?

Abin da mutanen Nijar ke ce ma kafe, shi ne mutanen Najeriya ke kira kofi, malamai kuma su ce gahawa. Ɗan itace ne. Asalin itacen nahiyar Afirka ne, cikin tsaunukan ƙasar Habasha. Ƴaƴansa suna yin ja idan sun nuna, kowane ɗa yana da ƙwaya biyu a ciki. Ƙwayar ake soyawa har ta yi baƙi, a niƙa, a dafa.

Daga Habasha ya ƙetara teku zuwa ƙasar Yaman. A can ne, wajen shekara ɗari biyar da wani abu da suka wuce, sufaye suka riƙa shan gahawa don kada barci ya ɗauke su wurin zikirin dare. Alhazai suka kai ta Makka da Misira. A shekara ta 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya hana shanta, amma hanin bai daɗe ba. Daga tashar jirgin ruwa ta Moka, a Yaman, fatake suka yi ta kai buhunan gahawa ƙasar Turkawa da ƙasashen Turai. Sunan garin nan ne har yau ake rubutawa a jikin wasu gwangwanaye, "moka", ana nufin kafe da aka haɗa da cakulan.

Itacen kafe yana son ruwan sama mai yawa da inuwa, saboda haka ba ya yi a Nijar. A yau ƙasar Barazil ce ta fi kowa nomansa, sai Biyetnam. Kusa da mu ana noma shi a Kodibuwa da Gine da Kamaru, da kan tsaunin Mambila a Najeriya. Duk kofin da aka sha a Damagaram, daga waje aka sayo shi.

YADDA YA ISO DAMAGARAM

Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder babban zango ce ta ayarin raƙuma masu tafiya tsakanin Kano da Tarabulus, ta hanyar Agadas da Gat. Fataken hamada suna sauka a unguwar Zango, suna kawo tufafi da takarda da turare da sukari mai dunƙule. A lokacin sukari abin sarakuna ne da attajirai. Talaka in yana son zaƙi sai zuma, ko dabino, ko raken fadamun Korama.

Abin da ke kore wa kakanninmu barci shi ne goro, wanda fatake ke ɗaukowa daga Gwanja. Daga baya shayi ya bazu, irin na Buzaye da Larabawa, mai dahuwa uku, wanda samari ke dafawa a fada har gobe. Turawan Faransa sun shigo Zinder a 1899, garin ya zama babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926. Sojojinsu da ma'aikatansu mashaya kafe ne, kuma a bakinsu aka ɗauki sunan.

Amma abin da ya kai kafe teburin talaka shi ne garin nan mai narkewa nan take. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a 1938 da sunan Nescafé, bayan Barazil ta rasa yadda za ta yi da kafen da ya yi mata kwantai. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antarsa a Abijan. Gari ne da ba ya son tukunya, ba ya son rariya, ruwa kawai yake so. Da shi da madarar gwangwani da burodi, mai shayi ya samu sana'a a kowace tasha, daga Zinder zuwa Mirya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure.

WA YA FARA SANYAYA SHI?

Ana ba da labari cewa a 1840 mayaƙan Amir Abdulƙadir sun tsare sojojin Faransa cikin wata ganuwa mai suna Mazagran, a Aljeriya. Sojojin suka riƙa sirka kafensu da ruwan sanyi suna sha saboda zafi. Da suka koma gida suka tafi da al'adar, har aka sa wa kafe mai sanyi sunan wurin.

A 1957, wurin baje kolin garin Tasalonika a ƙasar Girka, wani ma'aikaci mai suna Dimitris Vakondios ya rasa ruwan zafi. Ya zuba Nescafé da ruwan sanyi da ƙanƙara cikin gwangwani, ya girgiza, abin ya yi kumfa. Girkawa suka sa masa suna "frappé". Kusan shi ne abin da mai shayin tasha ke yi yau idan yana kaɗa kofi. A Japan wani kamfani mai suna UCC ya fito da kafe da madara cikin gwangwani a 1969. Mutanen Biyetnam kuma sun daɗe suna shan nasu da madara mai kauri da ƙanƙara. A 1995 kamfanin Starbucks na Amurka ya baza wani mai suna Frappuccino a shagunansa, wanda ake markaɗawa da ƙanƙara da madara da ruwan zaƙi, a ɗora kirim a sama. Daga nan kamfanoni suka shiga tsere, kowa yana ƙaro nasa ƙanshi.

Sa wa kafe ƙanshi ba sabon abu ba ne. Larabawa suna dafa gahawarsu da kayan ƙanshi tun da. A Senegal akwai kafen Tuba, wanda almajiran Shehu Ahmadu Bamba suka shahara da shi, kuma abin da ke ba shi ƙanshi shi ne kimba, wannan dai da ke cikin yajin kowace uwargida a nan. Bambancin shi ne, kimba da citta da kanumfari ba su ƙara sukari. Ƙanshin kamfani kuwa yawanci cikin ruwan zaƙi yake zuwa. In an ce a ƙara ƙanshi, sukari aka ƙara.

SUKARIN DA BA A GANI

Baƙin kafe, wanda ba a sa masa kome ba, kusan ruwa ne. Ba shi da mai, ba shi da sukari, ba ya sa ƙiba, ba ya kuma gina jiki. Masana ba su ga laifinsa ga babban mutum mai lafiya ba in bai wuce kima ba. Matsalar tana cikin abin da ake zuba masa.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali tana da nauyin garam 5 zuwa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen garam 50 a yini, wato ƙwaya tara ke nan. Ta ce in an tsaya a garam 25, ƙwaya huɗu zuwa biyar, ya fi. Wannan lissafin na yini ne gaba ɗaya, har da na koko da na shayi da na lemun kwalba.

To, a dubi kofin mai shayi. Madarar gwangwani mai kauri, wadda wani Ba'amurke mai suna Gail Borden ya yi wa rajista a 1856, an cika ta da sukari ne don kada ta lalace. Cikin kashi ɗari na nauyinta, kashi 40 zuwa 45 sukari ne da aka zuba. Babban cokali biyu nata daidai yake da ƙwaya uku. In mai shayi ya ƙara jefa ƙwaya uku, sun zama shida. Kofi ɗaya ya wuce garam 25, rana ko tsaka ba ta yi ba. Wanda ya sha biyu ya haura garam 50. Babban kofin Frappuccino mai ƙonannen sukari, irin wanda ake sayarwa a Amurka, shi kaɗai yana da sukari fiye da garam 50.

Sanyi kuma ɓarawon zaƙi ne. Harshe ba ya jin zaƙi sosai idan abu ya yi sanyi ƙwarai. Duk yaron da ƙanƙararsa mai zaƙi ta taɓa narkewa a hannu ya san ruwanta ya fi daskararriyar zaƙi. Saboda haka mai haɗa kafe mai sanyi dole ya ƙara sukari kafin mai sha ya ji daɗi. Mutumin da ba zai iya tauna ƙwaya shida a jere ba, sai ga shi ya kwankwaɗe su cikin minti ɗaya. Kuma abin sha ba ya riƙe ciki kamar tuwo. An sha, an ƙoshi na ɗan lokaci, yunwa ta dawo.

Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Harbin sukari a hankali yake zuwa. Farko haƙori ya fara rami. Daga baya jiki ya yi nauyi. Yawan shan abin zaƙi kullum yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon sukari, kuma ƙiba tana jawo hawan jini. Ciwon sukari in ya kama mutum sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani da kiyaye abinci har ƙarshen rai. Yana iya taɓa ido da ƙoda, ya hana gyambon ƙafa warkewa. Manomin da ke nesa da likita ya fi kowa sanin wahalar ciwon da ke son magani kowane wata.

BA DUK FARI NE NONO BA

Nonon saniya abinci ne na ƙwarai. Yana gina jiki, yana ƙarfafa ƙashi da haƙori. Amma farin garin da ke cikin ƴar ledar kafe sau da yawa ba nono ba ne. Man kwakwar manja ne da aka tace aka haɗa da wani irin sukari na masara, aka busar ya zama gari. Yana sa kafe ya yi fari, ya yi santsi a baki, amma abin gina jikin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Shi kansa kafen, a irin waɗannan ledoji, sau da yawa wajen kashi ɗaya ne cikin goma. Saura sukari ne da wannan gari. Haka kuma akwai garin madara mai araha da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, wanda aka cire masa man shanunsa aka mayar da man itace.

A gwada da hura da nono. Gero yana da abin gina jiki wajen garam 11 cikin kowane garam 100, yana da ƙarfen da ke ƙara jini, yana da dusar da ke riƙe ciki. Ga nono a kai, ga citta da kanumfari. Wanda ya sha hura da hantsi yana iya riƙe hauya har azahar. Wanda ya sha kafe mai sanyi zai ji garau na awa ɗaya ko biyu, sannan gwiwa ta yi sanyi. Kuɗin hura kuma yana komawa hannun manomin gero da Bafillatanar da ta kawo nono.

Iyaye mata su lura da wannan da kyau: madarar gwangwani mai zaƙi da garin kafe ba abincin jariri ba ne ko kaɗan. Jariri nonon uwa zalla yake so har wata shida.

ABIN DA KE KORE BARCI

Cikin kafe akwai wani sinadari mai suna kafeyin. Shi ne dai ke cikin goro da shayi. Ba ya ba jiki ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya toshe saƙon gajiya, ƙwaƙwalwa ta kasa jin cewa jiki ya gaji. Kamar mai jaki ne da ya ga dabbarsa ta gaji, maimakon ya ba ta dusa sai ya ƙara mata bulala. Za ta yi tafiya, amma gajiyar tana nan tana jira.

Masana a Turai sun ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligaram 400 na kafeyin a yini, mace mai ciki kuma kada ta wuce 200. Ƙaramin cokali ɗaya na garin kafe yana da wajen miligaram 50 zuwa 70. A nan ma a haɗa lissafi da goron da aka ci da shayin da aka sha a fada. Wanda ya wuce kima yakan ji zuciya na bugawa, hannu na rawa, ciki na zafi. Kafeyin yana daɗewa a jiki: bayan awa biyar wajen rabinsa yana nan. Kofin la'asar yana iya hana barcin dare. Direba ya sani cewa kafe ba ya biyan bashin barci, sai dai ya ɗaga ranar biya, kuma wani lokaci a kan hanya ake biya.

Akwai wani abu kuma da ya shafi mata da yara. Kafe da shayi, in an sha su tare da abinci, suna hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganye. Ƙarancin jini kuwa ya yi yawa ga mata masu ciki da ƙananan yara a ƙasarmu. Mai son sha ya bari sai awa ɗaya ta wuce bayan cin abinci. Yara ƙanana kuma kada a saba musu da shi. Da ɗacinsa da ba za su karɓa ba, zaƙi da sanyi ne ke jan su.

ƘANƘARAR FA?

Mutane da yawa sun ɗauka sanyi yana kashe cuta. Ba ya kashewa duka. Ruwa mai ƙazanta in ya daskare, wasu ƙwayoyin cutar suna nan, da ya narke su ci gaba da aikinsu. Zinder gari ne da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, kuma ba kowane mai ƙanƙara ne ke da famfo a gida ba. Bayan haka ƙanƙara tana bin hannuwa da yawa, a ja ta cikin buhu, a fasa ta a kan dutse. Jama'a ba su manta da cutar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta taɓa jihohin Maraɗi da Zinder. Kafe mai zafi an tafasa ruwansa. Mai sanyi kuwa amanar mai ƙanƙara ake sha. Dabara ita ce a bar ƙanƙara cikin ledarta a jingina kofi ko kwalba da ita, ko a sanyaya abin sha cikin randa. Tukwanen Mirya sun daɗe suna wannan aiki ba da lantarki ba.

A watan azumi kuma a kula. Abu mai zaƙi da yawa yana ƙara ƙishirwa, kafe kuma yana ɗan ƙara fitsari ga wanda bai saba ba. Ba abin sahur ba ne. A buɗe baki da ruwa da dabino da kunu.

LISSAFIN ALJIHU

A ce saurayi yana kashe dala arba'in kullum a kan kofi ɗaya. A wata ya kashe jikka shida. A shekara jikka saba'in da biyu. Kowa ya tambayi kasuwar garinsu tiya nawa ta gero wannan kuɗi zai saya, ko akuya nawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba a ce kowa ya bar kafe ba. Mai shayi ma sana'arsa yake yi, kuma abin da mai saye ya ce shi yake zubawa. Ga abin da ya kamata a riƙe:

1. Mai saye ya faɗi yawan sukarin da yake so da bakinsa. In an sa madara mai kauri, kada a ƙara ƙwaya. A riƙa rage ƙwaya ɗaya kowane mako, harshe yana sabawa.

2. A gida a dafa kafe da ruwan da ya tafasa, a sa kimba ko citta ko kanumfari, a bari ya huce, a zuba tafasasshen nonon saniya. Ya fi araha, ya fi amfani.

3. A duba rubutun jikin leda ko gwangwani. A ƙa'ida, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In kalmar farko "sucre" ce, to sukari aka saya. In an ga "sirop de glucose", shi ma sukari ne. In an ga "huile de palme" ko "matière grasse végétale", man itace ne, ba man shanu ba. A duba kuma ranar lalacewa. Wanda bai iya karatu ba ya miƙa wa ɗan lekol ko ɗalibin yaƙi da jahilci ya duba masa.

4. Mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai gyambon ciki da mace mai ciki su tambayi ma'aikacin likita kafin su mayar da shi abin kullum.

5. Kafe mai sanyi a ɗauke shi kamar alawa, abin marmari na ranar kasuwa ko ranar salla. Kada ya hau gurbin hura.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Gobe in an je tebur, kafin mai shayi ya fara kaɗawa, a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa cikin kofi. Lafiya uwar jiki ce.